Ruwan da bai nuna ba

A kusurwar lambun gidanmu akwai wani famfo da ya shekara yana ɗiga. Na sha cewa zan gyara shi, ban gyara ba, har ɗigon ya yi ɗan gurbi a ƙasa wanda faɗinsa bai wuce na faranti ba. Wata safiya ina ba furanni ruwa sai idona ya kai wurin. Kurciyoyi biyu na shan ruwa, zanzaro na ɗibar laka yana tashi da ita, ƙudan zuma sun jeru a inda ƙasar ta jiƙe, ga wani ƙadangare can gefe yana jiran a ba shi wuri. Na tsaya da tiyo a hannu har ruwa ya malale mini a ƙafa. Furannin da na yi shekaru ina wahala a kansu ba su taɓa tara baƙi kamar ɗan ruwan nan da sakacina ya samar ba. A nan tsaye na ƙudura cewa zan yi tafki, in zuba kifi.

Da na faɗa wa uwargida, sai da ta gama abin da take yi sannan ta dube ni. "Maigida, kududdufi za ka haƙa mana a cikin gida? Sauro fa? Yaron nan da ya fara tafiya fa?" Tambayoyin duka biyu suna kan hanya. Ruwan da bai kai tsawon ɗan yatsa ba yana iya halaka yaro ƙarami idan ya faɗa ta fuska, kuma sauro ba ya buƙatar fiye da kwana bakwai zuwa goma a lokacin zafi kafin ƙwansa ya zama mai cizo. Muka yi yarjejeniya: za a kewaye wurin da shingen waya mai ƙofa da sakata kafin ɗigon ruwa ya shiga ramin, kuma ranar da ta ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil a ciki, ranar zan cike shi da ƙasa da hannuna.

Wurin da na fara zaɓa ƙarƙashin bishiya ne, don inuwa. Na sake shawara bayan na share ganyen da ya zuba a wurin cikin kwana biyu kacal na cika kwando. Duk wannan ganyen cikin ruwa zai riƙa faɗawa ya ruɓe, ga saiwoyi da za su huda shimfiɗa ta ƙasa. Na kuma guje wa kwarin da ruwan sama ke taruwa, domin duk takin da na zuba wa furanni nan zai gangaro. Na ƙare a wani fili da rana ke samu tun daga hantsi har ta ɗan karkata, kimanin awa shida, daga nan katanga ta rufe shi da inuwa.

Na shimfiɗa igiya a ƙasa na zana siffar da nake so, mai kama da ƙwai, tsawo mita 2, faɗi mita ɗaya da rabi. Haƙar kanta ba ta da labari: diga, shebur, baro, ciwon baya, yini uku. Tsakiya na kai zurfin santimita 60, domin ruwa mai zurfi ba ya saurin ɗaukar zafi, kifi na samun inda zai sauka ya huta. A gefe guda na bar dakali mai zurfin santimita 25 don tukwanen tsirrai, wani gefen kuma na yi shi gangare a hankali, yadda duk abin da ya faɗa zai iya rarrafowa ya fita.

Abin da ya fi haƙar cin raina shi ne daidaita baki. Ido yana ruɗi, ruwa kuwa ba ya yi wa kowa kara. Idan ɗaya gefen ya ɗara ɗaya ko da santimita biyar ne, to ranar da aka cika ramin can zai tumbatsa, nan kuma baƙar leda ta fito fili tana kallonka, rana tana cin ta. Na samo siririn tiyo wanda ake hango cikinsa, na cika shi da ruwa, na kafa turaku takwas a kewayen ramin. 'Yata, mai shekara bakwai, ta riƙe baki ɗaya a jikin turken farko, ni kuma ina zagayawa da ɗayan ina yin alama a inda ruwan ya tsaya. Ruwan da ke cikin tiyo ɗaya a tsayi ɗaya yake tsayawa a bakunansa biyu, ko nawa ne nisan da ke tsakani. Gefen da na rantse daidai yake sai ga shi ya gaza da santimita tara. Na yi rabin yini ina ciko ina daɓewa.

Na so in yi da siminti, amma sabon siminti yana sakin sinadarin da ke sa ruwa ya yi kaifi irin na toka, sai an jiƙa an zubar sau da yawa ko an shafe shi da abin da zai rufe shi, ga tsagewa idan ƙasa ta motsa. Sai na sayi leda mai kauri wadda aka yi musamman don tafki. Lissafin girmanta ba wuya: tsawon rami, a ƙara zurfi sau biyu, a ƙara santimita 30 a kowane baki na abin da za a danne. Nawa ya kama mita 3.8 da mita 3.3. Na tsince duk wata tsakuwa mai kaifi da guntun saiwa, na baza yashi mai laushi, na ɗora tsofaffin barguna, sannan muka shimfiɗa ledar ba takalmi a ƙafarmu. Ba a ja ta a ɗame. Ana sakin ruwa a hankali, nauyinsa ne ke kwantar da ita, kai dai naka shi ne ka bi kana ninke inda ta tattare. Na gwada tiyona na ga yana cika bokitin lita 20 a minti ɗaya, ramin kuma ya cika a minti 65. Kenan ina da lita 1,300, ba 1,800 da lissafin takarda ya ba ni ba, saboda dakali da gangare sun ci nasu. Na rubuta adadin a jikin katanga da gawayi, kuma daga baya ya yi mini rana.

Zuwa nan komai na yi shi da natsuwa. Daga nan ne ɗoki ya karɓi ragama.

Na san ruwan famfo na ɗauke da kulorin, na kuma ji cewa idan ya kwana biyu a buɗe yakan fice. Na jira kwana biyun, a ganina na gama biyan haƙƙin ruwa. Rana ta uku na dawo gida da jan kifin ado goma sha biyu, kowanne ya kusa tsawon tafin hannuna. Mai sayarwar ya tambaye ni girman tafkin, bai tambaye ni kwanansa nawa ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba. Na ɗora ledojin a kan ruwa na minti ashirin don zafin ciki da na waje su daidaita, na riƙa ɗiba ina ƙara musu ruwan tafkin kaɗan-kaɗan, sannan na sake su. Ruwa garau kamar gilashi, ja na gilmawa a cikinsa. Har uwargida sai da ta jawo kujera.

Don wurin ya ƙara kyau, washegari na ɗauko tukwane uku na tsirrai masu son ruwa, na cika su da ƙasar da na fi ji da ita, wadda ta sha taki, na jera sabbin bulo na siminti a cikin ruwan na ɗora su a kai. Abinci kuwa, ni in ba su da safe, 'yata ta ba su idan ta dawo makaranta, da yamma duk wanda ya zo wucewa ya watsa musu, domin suna taso da baki buɗe kamar waɗanda suka kwana da yunwa.

A kwana na tara na ga ɗaya ya ware a gefe ya manne fikafikansa a jiki. Washegari ya mutu. Kafin kwana uku na tsame guda huɗu. Sauran suna sama suna haki, marfin numfashin da ke gefen kansu ya yi ja, wasu har da jan zane a wutsiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ruwan bai canja ba. Ba wari, ba datti, ina hango ƙasansa. 'Yata ta daina zuwa wurin, sai dai ta tambaya daga nesa, "Abba, yau nawa ne?"

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe yana kiwon kifi a bayan ɗakinsa. Girman kai ne ya hana ni zuwa wurinsa tun farko, don ina ganin abin da na karanta ya isa. Na je na gaishe shi na zayyana masa komai. Bai ce uffan ba, ya ɗauko wani ɗan akwati ya biyo ni. Ya durƙusa a bakin tafkin, ya sa hannu ya taɓa bulon, ya ɗago tukunya guda ya sunsuna ƙasarta, ya ga ragowar abincin da ya kumbura a kan dakali.

"Yaushe ka cika shi?"

"Mako biyu kenan, Baba."

"Kifin fa?"

"Kwana uku bayan nan."

Ya girgiza kai. "Ɗana, ruwanka bai nuna ba. Ɗanye ka zuba su a ciki."

Ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga wani magani, ya girgiza, muka jira minti biyar. Ya koma kore. Ya kara shi da wani kati mai launuka, ya ce amoniya ce, ta kai miligiram 2 a kowace lita, alhali a tafkin da ke da lafiya bai kamata a ga komai ba. Ya sake gwada wani, ma'aunin pH, wanda ke nuna tsamin ruwa ko kaifinsa irin na toka, ya haura 8. Na ce, "Amma Baba, ruwan tas yake." Ya ce, "Guba ma tas take."

A bakin tafkin nan ya warware mini abin da na yi ta bibiya daga baya har ya zauna mini. Kifi yana fitar da amoniya ba dare ba rana, mafi yawa ta wurin numfashinsa, saura ta kashi. Abincin da ya rage da takin da ke ruɓewa su ma amoniya suke zama. A kogi ruwa na tafiya da ita. A rami mai leda ba ta da wurin zuwa, sai idan akwai masu cin ta, wato wasu ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani. Kashi na farko, irin su Nitrosomonas, suna juya amoniya ta koma naitirait, wadda ita ma guba ce. Kashi na biyu, irin su Nitrospira, suna juya naitirait ta koma naitiret, wadda kifi ke jurewa, tsirrai kuma ke sha a matsayin taki. Waɗannan halittu ba yawo suke a cikin ruwa ba, manne suke a jikin abubuwa: tsakuwa, soso, leda, saiwa. Kuma suna da nawar hayayyafa, sai sun ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya da kashin kifi. Nunar da Baba yake nufi kenan.

Bulon kuma shi ya ƙara wa wutar fetur. Amoniya a ruwa kala biyu ce, mai illa sosai da mai sauƙi, kuma pH da zafi ne ke raba su. A pH 7 mai illar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A pH 8 ta kai wajen kashi biyar, kusan ninki goma. Simintin da na guje wa a gini, ni da kaina na ɗauko shi na tsoma a ruwa.

Ya ba ni aiki huɗu. A fitar da bulo da tukwane yanzu-yanzu. A daina ba da abinci na kwana uku. A zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan a maye shi da sabo, gobe ma haka, jibi ma haka, sai gwaji ya sauka. A haɗa matata. Maganar abincin ce ta fi yi mini nauyi, na ce ba za su mutu da yunwa ba? Ya yi dariya ya ce bai taɓa binne kifin da yunwar kwana uku ta kashe ba, amma na ƙoshi ya binne da yawa. Irin wannan kifi ba shi da tumbin da zai adana abinci, abin da ya ci wucewa yake, shi ya sa kullum yake roƙo. Ya kuma ja mini kunne kan ruwan famfo: wasu wuraren ba kulorin zalla ake sawa ba, akwai wanda ake haɗawa da amoniya, shi kuma ajiye ruwa a buɗe ba ya korar sa, sai an ɗiga maganin da ke kashe shi. Lita 1,300 ɗin da ke jikin katanga ita ta gaya mini yawan da zan zubar da yawan maganin da zan sa.

Matatar da ganga mai cin lita 60 na haɗa ta. Ƙaramin injin tura ruwa, mai tura lita 1,000 a awa, yana zaune a ƙasan tafkin yana aika ruwa ta tiyo zuwa gindin gangar. Ruwan ya taso ta cikin manyan duwatsu, ya ratsa tsakuwa, ya ratsa soso, ya fito ta bututu a sama ya zubo cikin tafkin yana ƙara. Wannan zubowar ba ado ba ce kawai, ita ke shigar da iska, kuma bakteriyar nan ba sa aiki sai da iskar oksijin. Da na gama, Baba ya dawo da bokiti, a ciki akwai wani tsohon soso baƙi ƙirin, yana ɗigar da ruwa mai kama da laka. Da a hanya na gan shi da ƙafa zan ture. Ya ce in cusa shi a tsakiyar sabbin, kada in kuskura in wanke. Daga matatarsa ya yanko shi, iri ne. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji shi.

Na biyar ya mutu a daren da muka fara canjin ruwa. Daga shi ba a sake ba.

Makonnin da suka biyo baya na sayi nawa kayan gwajin, na mayar da shi wajibi kowace safiya, ina rubutawa a littafi. Amoniya ta yi ta sauka, a kwana na goma ta ɓace. Na yi murna da wuri, domin a daidai lokacin ne kwalbar naitirait ta fara komawa shuɗi mai duhu-duhu. Ita wannan shiga jinin kifi take yi ta hana shi ɗaukar oksijin, sai ka ga kifi na haki alhali ruwa cike yake da iska. Maganinta na wucin gadi gishiri ne, domin yana tare mata hanyar shiga jiki. Na narka giram ɗaya a kowace lita, kilo 1.3 kenan, na zuba a kashi uku cikin yini biyu, na ci gaba da canja ruwa. Abinci sau ɗaya a yini, abin da za su cinye cikin minti biyu, kuma na ɓoye gwangwanin a inda hannun 'yata ba ya kaiwa. Wannan matakin ya fi na farko tsawo da gajiyarwa. Kullum launi ɗaya, har na fara zargin maganin gwajin ya lalace. Sai wata safiya, a mako na biyar da kafa matatar, kwalbar ta ƙi canja launi. Na sake gwadawa, haka. Na gwada naitiret, ga ta ta bayyana. Na ɗauki kwalaben a hannu na tafi gidan Baba ko takalmin kirki ban sa ba.

Ban gama murna ba ruwan ya koma kore shar, kamar an dama ganye. In na tsoma hannu zuwa wuyansa ba na ganin yatsuna. Na zaci wata sabuwar musiba ce, na fara shirin kwashe ruwan duka. Baba ya hana. Ƙananan gansakuka ne masu ƙwaya ɗaya, sun sami rana da naitiret, ba mai yi musu kishiya. Kifi bai damu da su ba, ni mai son kallo ne abin ya dama. Idan na zubar na zuba sabo, cikin mako za su dawo. Akwai fitila ta musamman da ake sawa a hanyar ruwa tana kashe su, amma ya ce in fara da abin da ya fi dawwama: in kawo waɗanda za su ƙwace musu abinci, su tare musu rana.

Na dasa bado a faffaɗan kwando, wannan karon da yumɓu mai nauyi wanda bai ga taki ba, na rufe samansa da tsakuwa don kada kifi su tone. Ba a jefa shi can ƙasa kai tsaye. Na fara ajiye shi a kan dakali, duk lokacin da ganyen ya kai saman ruwa ya baje sai in ƙara saukar da shi, har ya isa tsakiya. Sannan na jefa kainuwa guda biyar. Ba banza ake ce mata dashen Allah ba: ba ƙasa, ba tukunya, saiwarta na reto a ruwa tana zuƙe taki, kafin wata guda ta nemi rufe tafkin. Yanzu duk mako sai na kwashe cikin bokiti na kai juji ta zama taki, in bar wajen rabin fuskar ruwan a rufe, rabi a buɗe. Wani ya ba ni wata mai fure shuɗi mai kyan gaske, na gode masa na shanya ta a rana ta bushe. Ita ce wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, aka yaɗa ta duniya don ado, ta toshe gaɓar Tafkin Biktoriya da ke Gabashin Afirka a shekarun 1990 har jiragen masunta suka kasa fita. Tsiron tafki, kowane iri ne, ba a zubar da shi a magudana ko rafi.

Koren bai tafi a hankali ba. Kusan mako uku yana nan, sai cikin kwana biyu ya washe, na wayi gari ina ganin tsakuwar kwandon bado da kifaye bakwai, sun fi yadda na san su girma.

Baƙin da na yi tafkin dominsu kuwa ba su jira gayyata ba. Kwaɗi ne suka fara zuwa bayan ruwan sama na farko, suka kwana suna kuka har uwargida ta ce wannan ba ya cikin yarjejeniya. Da safe na ga ƙwansu, dogayen zare masu ɗigon baƙi, sun nannaɗe a jikin tsirrai. Tun zuwansu ɓarnar da ƙwari ke yi wa furannina da dare ta ragu. Mazari ya biyo baya, yana tsoma wutsiya a ruwa yana tashi. Watanni bayan haka 'yata ta kira ni da ihu ta nuna mini wani busasshen ƙwaro manne a karan tsiro, bayansa a tsage, cikinsa fayau. Rigar ɗan mazari ce. A ƙarƙashin ruwa yake rayuwarsa ta farko yana farautar tsutsar sauro da makamantanta, in ya isa sai ya hau kara, ya fasa rigar, ya fito da fikafikai. Ta adana ta a kwalin ashana. Ƙudan zuma suna sauka a gangaren nan inda na jera tsakuwa, su sha ba tare da sun nutse ba. Sauro dai, tsakanin kifi da ruwan da ke motsi da 'ya'yan mazari, bai samu wurin zama ba. Uwargida ta kan duba da tocila lokaci-lokaci, har yau ba ta ba ni shebur ba.

Akwai baƙon da ban so ba. Wata asuba na leƙo na ga zalɓe tsaye a gangaren da na yi don masu rarrafe, shiru kamar an dasa shi. Kafin in buɗe ƙofa ya tashi, kifaye suka koma shida, suka yi kwana huɗu ba wanda ya yarda ya taso. Na kifa guntun faffaɗan bututu a ƙasa ya zama maɓoya, na ja siraran igiyoyi a saman gangaren. Ban ji haushinsa can ba. Ni na buɗe wurin cin abinci.

Darasi na ƙarshe da zafi ya zo. Wani dare mai tsananin zafi saiwar kainuwa ta toshe bakin injin, ruwa ya daina zuba, ban sani ba. Da asuba na tarar da su shidan a sama suna haɗiyar iska. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa: a digiri 20 yana ɗaukar kimanin miligiram 9 a lita, a digiri 30 wajen 7.5. Tsirran da ke ba da iska da rana kuma, da dare su ma shaƙa suke, shi ya sa gab da fitowar rana ne ruwa ya fi talaucewa. Na ɗauki bokiti na riƙa ɗiba ina kwararowa daga sama har hannuna ya gaji, sannan na zare injin na cire abin da ya toshe shi. Yanzu a cikin ɗan kwandon raga yake zaune. Soson matatar ma duk mako biyu nake matse shi, a cikin bokitin ruwan tafkin, ba a bakin famfo ba, don kulorin ba ya bambanta bakteriyar da nake so da wadda ba na so.

Badon ya yi furen farko a wata na biyar, fari, ya yi kwana uku yana buɗewa yana rufewa sannan ya sunkuya cikin ruwa. A makon ne, ina kwashe kainuwa, na ga wani abu kamar tsinke ya fice daga cikin saiwar. Na tsugunna na ƙura ido. Ba ɗaya ba ne. 'Yata ta ce ba namu ba ne, namu ja ne, waɗannan kuwa launin ƙasa. Na gaya mata abin da Baba ya gaya mini, cewa kakannin kifin nan a ƙasar Sin haka launinsu yake, mutane ne suka yi fiye da shekara dubu suna ware masu ja suna haɗa su, kuma har yau ɗan da aka ƙyanƙyashe da rigar kakanni yake fitowa, sai ya yi watanni kafin ya sake. Ba ta yarda ba sai da na farko ya fara yin ja ta ciki.

Mun ƙirga goma sha tara, ko ashirin, ba sa tsayawa. Lita 1,300 ba za ta ɗauke su ba idan suka girma, kuma rafi ba wurin zubar da su ba ne. Jiya na je na gaya wa Baba. Ya ce zai karɓi takwas, akwai kuma wani ɗan'uwansa da ya gama haƙa nasa ramin makon jiya, yana ta ɗokin zuba kifi.

"Kada ka ba shi ko ɗaya tukuna," in ji shi. "Yanko masa soso."